Barry Sanders: tambayoyi da amsoshi kan ɗan wasan da ya bar fili yana kan ganiyarsa

Duk wanda ya fara bin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da sunan Barry Sanders. Tun kakar 1998 rabonsa da fili, amma har yau idan wani matashi ya yi wata irin kaucewa da ta bar masu tsaron baya suna tuntuɓe da juna, da shi ake kwatanta shi. Ga tambayoyin da sababbin masu kallo suka fi yi a kansa, tun daga jami'a har zuwa ranar da ya ajiye takalmi.

Wane ne Barry Sanders?

An haife shi ranar 16 ga Yuli, 1968, a garin Wichita da ke jihar Kansas, cikin gida mai 'ya'ya goma sha ɗaya. Mahaifinsa, William Sanders, aikin rufin gidaje yake yi, kuma yaran maza sun taso suna taya shi. Barry ya buga wa Jami'ar Oklahoma State wasa daga 1986 zuwa 1988, sannan ya yi shekara goma cif a NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, daga 1989 zuwa 1998, duk a ƙungiya ɗaya, Detroit Lions. Matsayinsa a fili shi ne ranin-bak, wato mai gudu da ƙwallo. Tsayinsa bai wuce santimita 173 ba, nauyinsa kuwa wajen kilo 92. A wasan da ake cika fili da ƙartin da suka haura kilo 120, wannan ƙaramin jiki ne.

Ban san dokokin wasan ba. Mene ne aikin mai gudu da ƙwallo?

Filin yadi 100 ne, kuma yadi ɗaya ya ɗan gaza mita. A kowane ƙarshen fili akwai wani fage mai yadi 10, wanda idan ɗan wasa ya shiga cikinsa da ƙwallo a hannu ƙungiyarsa ta sami maki 6. Wannan shi ake kira tac-dawun. Kowane ɓangare na da mutum 11. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa.

Hanya biyu ce ta ciyar da ƙwallo gaba. Ko dai jagoran hari, wanda ake kira kwata-bak, ya jefa ta ga wani da ya ruga gaba, ko kuma ya miƙa ta hannu da hannu ga wanda ke tsaye a bayansa. Wannan na bayan shi ne ranin-bak. Da ya rungume ƙwallon, mutum biyar na layin gaba za su yi ƙoƙarin ture masu tsaro su buɗe masa kafa, shi kuma ya kutsa kafin kafar ta rufe. Wasa yana tsayawa a inda aka kayar da shi. Ana auna shi da yawan yadin da ya ci. Yadi 4 a kowace ɗauka abin a yaba ne, yadi 100 a wasa ɗaya rana ce mai kyau, yadi 1,000 a kaka ɗaya kuwa shi ne mizanin da ake cewa ɗan wasa ya cika. Ka riƙe waɗannan lambobi uku a ranka, su za su sa ka gane girman abin da ke tafe.

Aiki ne mai cin jiki ƙwarai. Mutum zai ɗauki ƙwallo sau ashirin ko fiye a wasa guda, kuma kusan kowace ɗauka da karo take ƙarewa. Shi ya sa da yawa daga masu wannan matsayi ba sa daɗewa.

Tun yana ƙarami aka san zai yi fice?

Ko kusa. A makarantar sakandarensa, Wichita North, sai a wasa na huɗu na shekararsa ta ƙarshe aka ba shi matsayin mai gudu da ƙwallo. A wasanni bakwai da suka rage ya ci yadi 1,417. Duk da haka manyan jami'o'i suka kau da kai, saboda ana ganin ya yi gajarta. Waɗanda suka neme shi kaɗan ne, cikinsu akwai Iowa State da Tulsa da Oklahoma State. Mahaifinsa masoyin Jami'ar Oklahoma ne, babbar abokiyar hamayyar Oklahoma State, don haka zaɓin ɗan bai yi masa daɗi ba.

Me ya sa ya shekara biyu yana zaman benci a jami'a?

Saboda wanda ya tarar a gabansa Thurman Thomas ne, wanda daga baya ya kai Buffalo Bills wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau huɗu a jere, ya kuma shiga zauren gwarazan NFL. Ba wanda zai zargi koci Pat Jones don ya bar Thomas a fili. Sanders sai ya koma mai karɓar bugun fara wasa yana dawowa da ƙwallo, kuma a 1987 babu wanda ya kai shi matsakaicin yadi a wannan aiki a duk jami'o'in ƙasar. Masu lura sun fara gane abin da ke zaune a benci. Sanannen labari ne cewa kocin Oklahoma, Barry Switzer, ya gargaɗi 'yan wasansa kada su ji wa Thomas rauni, don kada a sako musu yaron da ke bayansa.

Me ya faru a 1988 da har yanzu ake maganarsa?

Thomas ya tafi NFL, wuri ya zama na Sanders. Taɓa ƙwallonsa na farko a kakar shi ne bugun buɗe wasa da Miami ta Ohio, ya karɓa ya ratsa fili gaba ɗaya ya ci maki. Daga nan bai sassauta ba.

A wasanni 11 ya ɗauki ƙwallo sau 344, ya ci yadi 2,628, ya yi tac-dawun 37 ta hanyar gudu. In ka raba, yadi kusan 239 ke nan a kowane wasa, fiye da yadi 7 da rabi a kowace ɗauka. Ka tuna an ce yadi 100 rana ce mai kyau. Shi kuwa sau huɗu yana haura 300 a wannan kaka. Tarihin da ya karya na Marcus Allen ne, yadi 2,342 a 1981, kuma ba da kaɗan ya wuce shi ba.

Wani zai ce ai ƙila ƙananan ƙungiyoyi ya yi ta tattakewa. Oklahoma State wasa biyu kawai ta rasa a shekarar, a hannun Nebraska da Oklahoma, waɗanda a lokacin suna cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a ƙasar. A kan Nebraska ya ci yadi 189, a kan Oklahoma 215. Kowa a filin, har da masu kallo, ya san shi za a miƙa wa ƙwallo, amma sanin bai hana komai ba.

Akwai kuma wasa na goma sha biyu, wato Holiday Bowl da suka yi da Wyoming, suka ci 62 da 14. Sanders ya ci yadi 222 da tac-dawun 5, kuma ba a bar shi ya ƙarasa wasan ba saboda an riga an yi nisa. A wancan zamani hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba ta lissafa irin wannan wasa na bayan kaka cikin tarihin ɗan wasa. Sai a 2002 ta fara, kuma ba ta koma baya ta gyara na da ba. Da an haɗa, jimillar yadinsa 2,850 ce.

Da gaske ne a Japan ya sami labarin ya ci kyautar Heisman?

Gaskiya ne. Heisman ita ce babbar kyautar da ake ba ɗan wasan jami'a mafi fice a shekara, kuma a New York ake bikinta. A ranar, ƙungiyarsa tana Tokiyo don wasa da Texas Tech, sai aka haɗa shi da masu biki ta tauraron ɗan'adam. Ya doke Rodney Peete na USC da Troy Aikman na UCLA. Bayan 'yan sa'o'i ya shiga fili ya ɗauki ƙwallo sau 44, ya ci yadi 332, suka yi nasara 45 da 42.

An taɓa karya tarihinsa na jami'a?

Ba a karya ba, amma an matso kusa. Melvin Gordon na Wisconsin ya kai yadi 2,587 a 2014. Ashton Jeanty na Boise State ya kai 2,601 a 2024, saura yadi 27 ya kamo shi. Dukansu biyu wasanni 14 suka buga, kuma an lissafa musu wasannin bayan kaka. Sanders a wasanni 11 ya yi nasa.

Yaya ya shiga NFL?

Saura masa shekara ɗaya a jami'a lokacin da NCAA ta ƙaƙaba wa Oklahoma State takunkumi kan keta dokokin ɗaukar 'yan wasa, abin da ya hana su fitowa a talabijin da buga wasannin bayan kaka. Sanders ya nemi a bar shi ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa na 1989, aka amince. Dallas ta fara ɗaukar Troy Aikman, Green Bay ta ɗauki Tony Mandarich, Detroit ta ɗauki Sanders a na uku, sai Derrick Thomas, sai Deion Sanders, wanda suna kawai suka haɗa ba dangantaka ba. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan sun shiga zauren gwaraza. Mandarich ne kaɗai bai shiga ba, kuma magoya bayan Green Bay sun daɗe suna cizon yatsa, domin shekara goma suka yi suna karawa da Sanders sau biyu kowace kaka.

A jami'a lamba 21 yake sawa. A Detroit koci Wayne Fontes ya ba shi lamba 20, wadda Billy Sims ya yi suna da ita. Cinikin kwantiragi ya ja lokaci har bai halarci sansanin atisaye ba. Kwanaki kaɗan kafin wasan farko ya sa hannu. Ɗaukarsa ta farko, a kan Phoenix Cardinals, yadi 18 ya ci.

Na ji an ce akwai wani ɗan Najeriya da ya sha gabansa a shekararsa ta farko. Haka ne?

Haka ne, kuma wannan labari shi ya fi nuna ko wane irin mutum ne Sanders. Ɗan Najeriyar shi ne Christian Okoye, haifaffen Enugu, wanda ya je Jami'ar Azusa Pacific a California a matsayin ɗan wasan jifan faifai. Da aka bar shi a baya wajen zaɓen tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984, sai ya koma zari-ruga yana da shekara 23, wasan da bai taso da shi ba. Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. Ƙato ne mai fiye da kilo 110, ga gudu, kuma shi ba ya kauce wa mutum, bi ta kansa yake yi.

A makon ƙarshe na kakar 1989 su biyun ne ke takarar kambun wanda ya fi kowa yadi. Okoye ya gama nasa wasan da yadi 1,480. Detroit tana wasa da Atlanta, tana kan gaba, Sanders ya riga ya ci yadi 158 a ranar, jimillarsa ta tsaya a 1,470. Yadi goma ne tsakaninsu, kuma akwai sauran lokaci, ga ƙwallo a hannun Detroit. Fontes ya tambaye shi ko zai koma fili ya ƙarasa. Sanders ya ƙi. Wasan ya riga ya zama nasu, bai ga dalilin shiga don lamba kawai ba. Aka tashi 31 da 24, kambu ya tafi ga Okoye.

Ba a rage wa Okoye komai ba da wannan labari. Mutumin da bai taɓa riƙe irin wannan ƙwallo ba sai da ya haura ashirin, ya zo ya ɗauke ta sau 370 a kaka ɗaya ya fi kowa a gasar, ya cancanci kambunsa. Sanders kuwa sau 280 ya ɗauka, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasan hari mafi fice. Shekara mai zuwa ya ci kambun da yadi 1,304, ya sake ci a 1994 da 1996 da 1997.

Me ya bambanta gudunsa da na sauran?

Lambobi ba za su gaya maka wannan ba, sai ka nemi tsofaffin bidiyonsa ka kalla. Abin da za ka lura da shi na farko shi ne tsayawa. Yawancin masu gudu idan sun ɗauki saurinsu sai sun yi taku biyu ko uku kafin su canza hanya. Sanders yana cikin gudu zai kafa ƙafa ɗaya, jikinsa ya karkata har kamar gwiwarsa za ta taɓa ƙasa, ya tsaya cak, mai tsaro ya wuce shi da ƙarfinsa ya rungumi iska, shi kuma ya riga ya tashi ta wani ɓangare. Gajartarsa da kaurin cinyoyinsa su suka ba shi wannan. Yana iya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya miƙe ba tare da an ce ya faɗi ba. Kama shi kamar kama tarwaɗa ne da hannu a cikin taɓo.

Misalai biyu da ake yawan nunawa. A 1994, a wasa da New England, ya tunkari wani mai tsaro, Harlon Barnett, a sarari, ya yi dama, ya yi hagu, ya sake dama, har Barnett ya juya masa baya yana gudu yana waige bai san ta ina mutumin yake ba. A wasan farko na 1995 kuma, Rod Woodson na Pittsburgh, ɗaya daga cikin masu tsaron da suka fi ƙwarewa a zamaninsa, ya yi ƙoƙarin bin wata kaucewa ta Sanders, jijiyar gwiwarsa ta tsinke.

Abu na biyu shi ne abin da yake yi bayan ya ci maki. Ba rawa, ba dukan ƙirji, ba jefa ƙwallo da ƙasa. Zai nemi alƙalin wasa ya miƙa masa ƙwallon a hannu ya koma benci. Sau 109 ya ci tac-dawun a NFL, kuma da haka aka san shi tun farko har ƙarshe.

Amma ai ana sukarsa da yawan asarar yadi?

Ana yi, kuma sukar tana da tushe. Mai neman kafa ta hanyar ja da baya da zagaye, wani lokacin a bayan layi za a cafke shi. Sanders na cikin waɗanda aka fi kayarwa a baya a tarihin gasar, kuma akwai lokutan da kociyoyinsa ke cire shi idan saura yadi ɗaya ko biyu a ci maki, su sa mai jiki ya kutsa. Rana mafi muni ita ce 31 ga Disamba, 1994, a filin Lambeau na Green Bay, a wasan sili-ɗaya-ƙwale. Mutumin da ya ci yadi 1,883 a kakar ya ɗauki ƙwallo sau 13, aka tashi da jimillarsa ƙasa da sifili da yadi ɗaya. Detroit ta sha kashi 16 da 12.

Sai dai a ganina masu sukar suna mantawa da abu biyu. Na farko, duk asarar nan tana cikin lissafi, kuma duk da ita matsakaicinsa na shekara goma yadi 5 ne a kowace ɗauka. Na biyu, sau da yawa ba shi ya zaɓi komawa baya ba. Kafin ƙwallo ta gama shiga hannunsa mai tsaro ya riga ya ƙetare layi. A shekarunsa na farko Detroit tana amfani da tsarin da ke baza masu karɓar jifa huɗu, ba tare da wani ƙato a gabansa mai share masa hanya ba.

Ya taɓa cin Super Bowl?

Bai taɓa buga shi ba ma, kuma wannan ne babban miki a tarihinsa. Kakar 1991 ce ta fi kusa. Ya ci yadi 1,548 da tac-dawun 16 ta gudu, Detroit ta ci wasa 12 ta rasa 4. Ranar 5 ga Janairu, 1992, a filinsu na Pontiac Silverdome, suka lallasa Dallas 38 da 6, nasararsu ta farko a wasan sili-ɗaya-ƙwale tun 1957. A wasan ne ya shige cikin cincirindon masu tsaro har kowa ya ɗauka an gama, sai ga shi ya ɓullo a tsaye ya yi yadi 47 ya ci maki. Mako guda bayan haka Washington ta fitar da su da ci 41 da 10.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami layin gaban ƙungiyar a daidai wannan lokaci. A Nuwamban 1991 Mike Utley ya karye a wuya a tsakiyar wasa, ya shanye. A Yunin 1992 wata babbar mota ta kauce hanya ta kashe Eric Andolsek a ƙofar gidansa a Louisiana. Mutum biyu daga cikin biyar da ke buɗe wa Sanders hanya suka tafi cikin 'yan watanni. Ƙungiyar ta sake kai wa zagayen sili-ɗaya-ƙwale a 1993 da 1994 da 1995 da 1997, kuma duk a wasan farko aka fitar da ita. A na 1993 ya dawo daga jinyar gwiwa ya ci yadi 169 a kan Green Bay, amma aka doke su 28 da 24. Kwata-bak kuwa sai canzawa ake yi: Rodney Peete, Erik Kramer, Andre Ware, Dave Krieg, Scott Mitchell, Charlie Batch. Ba a ƙara ganin Detroit ta ci irin wannan wasa ba sai a Janairun 2024.

Wace ce kakarsa mafi kyau a NFL?

Ta 1997, a ƙarƙashin sabon koci Bobby Ross. Ya fara da yadi 53 kacal a wasanni biyu, har aka soma cewa ya fara tsufa. Daga nan ya haura yadi 100 a kowane ɗaya daga wasanni 14 da suka rage, a jere, jimillarsu yadi 2,000 daidai. Ya gama da 2,053, fiye da yadi 6 a kowace ɗauka. Kafin shi mutum biyu ne kawai suka taɓa kai 2,000: O. J. Simpson a 1973 da Eric Dickerson a 1984. An raba kyautar gwarzon shekara tsakaninsa da Brett Favre na Green Bay.

Wasan da ya cika adadin, wanda suka ci New York Jets 13 da 10, bai zama ranar murna zalla ba. A cikinsa abokin wasansa Reggie Brown ya ji rauni a laka, numfashinsa ya tsaya a fili, sai da likitoci suka farfaɗo da shi. Ya rayu, amma bai sake buga wasa ba.

To, me ya sa ya yi ritaya?

A 1998 ya ci yadi 1,491, amma ƙungiyar ta ci wasa 5 ta rasa 11. A ƙarshen Yulin 1999, ana jajibirin buɗe sansanin atisaye, ya aika takarda ta na'urar faks zuwa jaridar garinsu, Wichita Eagle, ya hau jirgi zuwa Landan. Ba taron manema labarai, ba bankwana a fili. Abin da takardar ta ce a taƙaice shi ne sha'awarsa ta barin wasan ta fi sha'awarsa ta ci gaba. Shekararsa 31, lafiyarsa ƙalau.

Yana da yadi 15,269. Tarihin gasar gaba ɗaya a lokacin na Walter Payton ne, 16,726. Tazarar 1,457 ce, kuma a kakanni biyar ɗinsa na ƙarshe babu wadda bai haura wannan adadi ba. Wato kaka ɗaya ta rage masa ya zama na ɗaya a tarihi.

Mutanen Detroit sun ji haushi, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Lokacin da ya zaɓa ya bar ƙungiyar ba ta da damar neman madadinsa. Shekaru bayan haka ya bayyana cewa yawan shan kashi ya kashe masa gwiwa, ga shi yana kallo ana sallamar tsofaffin abokan wasansa irin su Lomas Brown da Chris Spielman da Kevin Glover, bai kuma ga alamar shugabannin ƙungiyar na gina abin da zai kai ga kofi ba. Ni dai na yarda da shi. Wanda ya ƙi shiga fili don yadi goma a 1989 ba zai bayar da jikinsa ga karo sama da ɗari uku a ƙungiyar da ya fid da rai da ita don yadi 1,457 ba. Inda nake ganin ya gaza shi ne yadda ya tafi. Abokan wasansa da magoya baya sun cancanci ya faɗa musu tun da wuri, kuma da bakinsa.

Jim Brown, wanda mahaifin Sanders ya ɗauka a matsayin gwanin gwanaye, shi ma daga Landan ya sanar da tasa ritayar a 1966, yana da shekara 30.

An ce har rigimar kuɗi aka yi?

An yi. A 1997 ya sa hannu a kwantiragin shekara shida, aka ba shi dala miliyan 11 kuɗin sa hannu. Da ya tafi bayan shekara biyu, Lions ta nemi a dawo mata da kason shekarun da bai buga ba, kuma a 2000 mai sasanci ya ba ta gaskiya. Ta kuma ƙi sakinsa ya koma wata ƙungiya. Wannan ya ɓata tsakaninsu na tsawon shekaru. Irin haka ta sake faruwa da Calvin Johnson, wani tauraron ƙungiyar da ya bari yana da shekara 30 a 2016.

Shi da Emmitt Smith, wa ya fi?

Wannan musu ba ya ƙarewa. Smith na Dallas ne ya karya tarihin Payton a Oktoban 2002, ya gama da yadi 18,355, da kofin Super Bowl uku. Ya yi shekara 15, ya ɗauki ƙwallo sau 4,409, matsakaicinsa 4.2. Sanders shekara 10, ɗauka 3,062, matsakaici 5.0, kuma babu kakar da ya gaza yadi 1,100, har da 1993 da ya buga wasanni 11 kawai. An zaɓe shi zuwa Pro Bowl, wasan zaɓaɓɓun taurarin gasar, a dukkan shekarunsa goma.

Idan saura yadi biyu a ci kofi, Smith zan miƙa wa ƙwallo, musamman a bayan layin gaban da Dallas ke da shi a wancan zamani. Idan kuwa tambayar ita ce wa ya fi iya samar da wani abu a inda babu komai, ban ga na biyun Sanders ba. Mahaifinsa yana da nasa lissafin. A bikin shigar da shi zauren gwaraza a Canton, jihar Ohio, a 2004, William Sanders ya gabatar da ɗansa a matsayin na uku a tarihi, bayan Jim Brown da kuma shi William ɗin kansa.

Sun shirya da Detroit daga baya?

Sun shirya. A 2004 ƙungiyar ta jingine lamba 20 don girmama shi da Billy Sims da Lem Barney. A 2017 ya dawo a matsayin jakadan ƙungiyar, kuma a Satumban 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin Ford Field, na farko da Lions ta yi wa wani ɗan wasanta. Oklahoma State ta riga ta kafa nata a 2021. Ɗansa, Barry J. Sanders, shi ma ranin-bak ne. Ya buga wa Stanford, sannan ya ƙarasa a Oklahoma State. A Yunin 2024 Sanders ya sami bugun zuciya, ya warke, kuma tun daga lokacin yake kira ga jama'a su riƙa zuwa ana duba lafiyar zuciyarsu.